Kwakwar Tagulla a Gonar Iortyer

Ranar Talata da hantsi aka tsinci Iortyer kife a tsakanin kunyoyin doyarsa, ƙeyarsa a fashe. Kafin Insifeton 'yan sanda ya aiko mota ta ɗauko ni daga unguwar Bukan Sidi a Lafia, duk mai ƙafa biyu a ƙauyen Tse-Aper ya riga ya shiga gonar nan ya fita: masu kuka, masu ɗaukar hoto da waya, masu zuwa ganin ƙwaƙwaf. Ranar Litinin aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi daidai yadda nake so, sannan mutum ɗari suka taru suka tattake mini ita. Wallahi sai da na ji kamar in juya gida.

Sunana Saleh, bin sawu ne sana'ata. Ubana makiyayi ne, uwata 'yar ƙabilar Alago ce mai dafa gishiri a Keana, don haka kowane ɓangare yana yi mini kallon mutumin ɗaya ɓangaren. Shekara talatin ina bin shanun sata. Gwiwoyina sun gama aiki, bakina ne dai bai gaji ba.

"Me za ka duba kuma, Baba?" in ji wani ƙaton saurayi, idanunsa jawur. Aondowase ke nan, ɗan mamacin. "Ga sawun shanu nan ko'ina. Mun kama shi, mun ba 'yan sanda."

"Kun kama shi, ko kun kusa kashe shi?"

Na riga na leƙa bayan motar 'yan sanda. Safiyullahi ne a ciki, ɗan Daso, matar da rugarta ta fi shekara ashirin a bakin rafin ƙauyen. Fuskarsa ta kumbura har ba a ganin idon hagu, hannunsa da ankwa, jini na tsattsafowa ta kunne. Yana sanye da jaket mai ɗige-ɗigen kayan soja, irin wadda ake zubawa a gwanjo ranar kasuwa. Jaket ɗin nan da sawun shanu, su ke nan shaidar da aka yi masa wannan duka a kanta.

An riga an ɗauke gawar. Na tsuguna inda ta kwanta, don wurin ne kaɗai ba a taka ba, mutane na ƙyamar jini. Fartanyar Iortyer na gefe, laka ce kawai a bakinta. A inda ƙirjinsa ya danne ƙasa na ga wani abu ya nutse, na sa tsinke na tono shi. Ɗan ƙarfe ne na tagulla, bai kai tsawon babban yatsa ba, ya yi baƙi, an ƙera shi da siffar itace mai ganye a baje.

"Wannan ai tambarin hular soja ne," in ji Insifeto da ƙarfi, Allah ya shirye shi. Bakatsine ne, wata huɗu da kawo shi Lafia, bai san yadda magana ke tashi a nan ba. Ya yi sauri ya karɓe abin ya dunƙule a hannu, amma ina. Babu wanda ya ga tambarin da idonsa, amma kafin in miƙe tsaye labari ya kai bakin titi cewa makiyaya ne suka zo cikin kayan soja. Mutum ɗaya ce ba ta ɗago kai ba, Francisca ƙanwar mamacin, tana zaune a ƙasa can gefe, hannuwanta a kan cinya. Na ɗauka baƙin ciki ne ya daskarar da ita.

Insifeto ya ja ni gefe. "Malam Saleh, ranar Juma'a zan tura shi kotu da tuhumar kisan kai. In na ƙara kwana ɗaya, waɗannan za su zo su karɓe shi da kansu. Kuma ina da shaida, wata tsohuwa ta ga mutum ya fito daga gonar."

"Ka san abin da ke jiran wanda aka kama da kisan kai, Yallaɓai."

"Na sani."

"To ba ni ƙarfen nan."

Ya zuba mini shi a tafin hannu.

*

Da la'asar na isa rugar Daso. Ba a kunna wuta ba, ba a tatsi nono ba. Tana zaune a ƙofar bukka tana kallon hanya.

"Goggo, shanunku sun shiga gonar Iortyer ko ba su shiga ba? Kada ki yi mini kwana-kwana, na ga sawun da idona."

"Sun shiga saurarsa, ba doyarsa ba," ta ce. "Shi ya zo nan da ƙafarsa ranar Asabar. Ya ce saurar nan ta can ƙarshe ta gaji, a kwantar masa da shanu kwana biyu su ba ta taki. Ya ce kada mu faɗa wa kowa, mutanensa ba za su so ba. Na ba shi kindirmo ya sha a wurin nan da kake tsaye."

"Wa ya ji lokacin da ya faɗa?"

"Ni da Safiyullahi."

Tir. Wanda ya ba da izini yana ɗakin ajiyar gawa, wanda aka ba izini yana cikin ankwa. Na nuna mata tambarin. Ta juya shi gaba da baya ta miƙo mini.

"Ɗana ko hula ba ya sawa, malfa ce da shi. Saleh, kai ka san gidan nan. Shi kaɗai ya rage mini namiji. In suka rataye shi, sun rataye ni."

Ba na alkawarin abin da ban riƙe a hannu ba. Amma tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

*

Washegari na fara da shingen sojoji da ke kan hanyar Awe. Wani saje ya karɓi abin, ya kalle shi, ya ciro hularsa ya kara. Nasa mikiya ce a kan tauraro, da ɗan rubutun Larabci.

"Baba, wannan ba namu ba ne. Ban taɓa ganin irinsa a kan kowa ba. Ko na 'yan sikawut ne?"

Na yi masa godiya na wuce, ina tsinar rana da ɗan acaɓar da ya yi ta jefa ni cikin ramuka. Mutum ɗaya ya rage mini, Baba Augustine, maƙwabcina a Bukan Sidi. Tsohon samanja ne, ya yi yaƙin basasa, ya haura tamanin, kuma in ya fara labarin bariki sai dai ka ƙirƙiri fitsari ka gudu. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana goge takalmin da ba inda zai je da shi.

"Baba Samanja, duba mini wannan."

Ya sa tabarau. Sai na ga tsohon nan ya ajiye buroshi, ya gyara zama, ya miƙe baya. Ya aika a kawo masa toka da rabin lemon tsami, ya shafa, ya murza da gefen riga. Tagulla ta fito ja. Itacen kwakwa ne tsaye a kan ɗan tudu, a ƙarƙashinsa wani ɗan ƙyalle na ƙarfe mai haruffa.

"Karanta," ya ce.

"Haba Baba, ni da boko?"

"R, W, A, F, F. Ka ga sun kusa shafewa? Guga ce. Mai wannan bajo ya goge shi kullum na tsawon shekaru, soja ne na gaske. Wannan rundunar Turawa ce ta Afirka ta Yamma, tun kafin a ba mu mulki. Su ne suka je Boma suka yi yaƙi da Japan. Waɗanda suka koya mana fareti da shi suka fara aiki. Rabon da wani soja ya sa wannan a ka, ya fi shekara sittin."

"Ke nan ba ɗan fashi ne ya saya a gwanjo ba."

"Gwanjo? Wannan a ƙasan akwatin tsoho ake samunsa. A ina ka tsince shi?"

"Tse-Aper."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ai sunan garin ma ya ba ka amsa. Tse-Aper, gidan Aper. Kofur Aper ɗan Boma ne, shi ya sari wurin bayan ya dawo. Na san shi da tsufansa, duk ranar tunawa da mazan jiya sai ya zo Lafia da bajon nan a jikin hula. Wanda aka kashe ɗin, ba ɗansa ba ne?"

Na yi ta yawo a rana ina neman baƙo, ashe abin ɗan gida ne. Na miƙa hannu zan karɓa, Baba Augustine ya janye. Fuskarsa ta ɓaci.

"Tsaya. Wane marar mutunci ne ya yi masa wannan?"

Ya juya bayan. Akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na ƙarfe, ya ce ta cikinsu ake zura fil a kama hula. An buge su da guduma sun kwanta. A tsakiyar gindin kwakwar kuma, inda na ɗauka laka ce ta maƙale, ashe huda ce, bakinta da tsatsa.

"Tagulla ba ta tsatsa, Saleh. Wannan tsatsar ƙusa ce. Soja ba ya huda bajonsa ko da bindiga a kansa. Wannan ba daga hula ya faɗo ba. A jikin katako aka kafe shi, kuma ya daɗe a can ruwa na dukansa."

*

Na kai wa Insifeto labari ina jin kaina, ya tare ni da ruwan sanyi.

"To, na ubansa ne. Ke nan a aljihun mamacin yake, ya faɗi da shi. Me ya canja? Shanu sun shiga, an yi faɗa, an sare shi."

"Wa ke zuwa noma da ƙarfe mai huda a aljihu, Yallaɓai?"

"Tsofaffin nan me ba sa yi?" Ya jawo takarda. "Saurari shaidata. Mama Nguavese, tana itace da sassafe. Ta ce: na gan shi daga nesa, ya fito daga gona, ya riƙe fartanya, yana kuka, ya bi ta rafi. Ta rafi, Malam Saleh. Ina rugar take?"

"Makiyayi da fartanya? Yana kuka?"

"Nadama ce."

Na ce a nuna mini Safiyullahi. Yana kwance a kan siminti. Na kira shi sau biyu bai juyo ba, sai da na zagaya ta damansa. Kunnen hagu ya tafi.

"Kawu," ya ce, "shanu sun kwana a saurar, da asuba na kore su. Ban ga Baba Iortyer ba ma. Jibi ne Juma'a, ko?"

Na ce masa jibi ne.

*

Ranar Alhamis na koma Tse-Aper. Ba wanda ya amsa sallamata sai Mama Nguavese, ita ma don idonta ya yi yana, ba ta gane ko wane ne ba sai da na zauna. Tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Hausarta ta kasuwa ce, irin wadda rabin Lafia ke yi.

"Sannu Mama. Ina gajiya?"

"Gajiya yana nan. Ka zo lokaci mai kyau, 'yata ya haifu jiya a asibiti, namiji."

"Barka, Allah ya raya."

"Amin. Kai, kore mini kaza nan, tun safe yana damuna, ya yi ƙwai a cikin kwando na."

Na ɗaga hannu zan kori kazar, hannun ya tsaya a sama. 'Yata ya haifu. Kaza ya yi ƙwai. A nan aka haife ni, kullum da irin maganar nan nake kwana nake tashi, kunnena ya saba har ba ya jin ta. Amma da Insifeto ya karanta mini ita daga takarda da Hausarsa ta Katsina, sai na ji ta da kunnen Bakatsine. Kai, Saleh, tsufa ya ci ka.

"Mama, wanda kika gani ranar Talata. Wando ne a jikinsa?"

"Wane wando? Zane ya ɗaura."

"Mace ce ko namiji?"

Ta daina ɓara. "Mace mana. Ni na ce namiji?"

"Kin faɗa wa ɗan sanda mace ce?"

"Ya tambaye ni? Ya ce me ka gani, na faɗa, ya rubuta, ya tafi. Yara ma na faɗa musu da yare namu, ba su tsaya ji ba, sun ɗauki sanda sun gudu." A yarensu ma da shi da ita duk kalma ɗaya ce.

"Kin gane ta?"

"Ido na ba kyau." Ta juya fuska. Sai can ta ce a hankali, "Na ji kuka dai. Irin kuka nan na taɓa ji, shekara bakwai da ya wuce."

Ta koma ɓarar gyaɗarta, na yi mata sallama.

*

Na bar wurin da aka tattake, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na bi sawun shanu baya-baya har saurar da Daso ta faɗa, can ƙarshen gona inda ciyawa ta fara cin hanya. Kashin shanu ko'ina, na kwana biyu. Babu sawun ɗan kallo ko ɗaya.

A gindin wata ɗorawa na ga tudun ƙasa da aka kewaye da duwatsu. Kabari ne. Shanu sun hau kansa, sun watsa duwatsun, wata ta yi kashi a daidai tsakiya. Gicciyen katako na kwance a gefe, ya karye daga gindi. An rubuta suna da fenti, har ni da ba na karatu na san haruffan don na sha ganinsu a jikin motoci: Terfa. Na tuna shi. Ɗan Francisca ne tilo, wanda wasu 'yan bindiga da ba a taɓa ganowa ba suka harbe a rikicin shekara bakwai da suka wuce.

Na ɗaga gicciyen. Rana ta cinye katakon ya yi fari fat, ban da wuri ɗaya a sama da sunan, inda ya rage da duhunsa. Siffar itacen kwakwa ce, ganye a baje. A tsakiya ga guntun ƙusa, tsatsa ta cinye kanta. Na ciro tambarin na ɗora, ya zauna daram.

A gaban kabarin akwai shaidar gwiwa biyu a laka. Daga nan sawun silifa ƙarami ya tashi, ƙafar hagu an ɗaure igiyarta da waya, wayar na barin ɗan zane a ƙasa. Takun masu faɗi ne, na mai sauri, sun nufi kunyoyin doya kai tsaye.

Na zauna a kan saiwar ɗorawar na daɗe. Na samu abin da nake nema, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

*

Ranar Juma'a da safe na sa Insifeto ya biyo da Safiyullahi ta Tse-Aper kafin kotu. Ya yi ta mita, amma ya zo da mota biyu. Aka taru a gindin mangwaron tsakiyar gari. Aondowase da samarinsa a tsaye, Mama Nguavese a kan turmi, Francisca a kan benci cikin baƙin zane. Daso ta zo ita kaɗai, ta tsaya a rana, ba wanda ya matsa mata.

"Ɗan'uwan makiyayan ne, me kuke jira ya faɗa?" wani ya ce daga bayan taro, yana nuna ni.

"In ka gama, ni ma in yi," na ce. "Kun ji an tsinci tambarin soja. Waye a cikinku ya gan shi?"

Suka shiga kallon juna.

"Ba ku gani ba, amma kun fasa wa mutum kunne a kansa. To ga shi."

Na ajiye shi a kan tabarma, yana ƙyalli saboda gugar Baba Augustine. Aondowase ya sunkuya. Na ga bakinsa ya buɗe.

"Wannan na kakana ne," ya ce. "Terfa ne ke sa shi a hularsa ta 'yan banga. Da ya mutu aka…"

Na kwance buhu na fito da gicciyen, na ɗora tambarin a mazauninsa kowa na gani. Sannan na juya wajen tsohuwa.

"Mama Nguavese, faɗa wa Yallaɓai. Wanda ya fito daga gona yana kuka, mace ce ko namiji?"

"Mace."

Insifeto ya kalli takardarsa kamar ta zage shi. Ni kuwa ban kalli kowa ba sai ƙafafun da ke ƙarƙashin benci. Silifa shuɗiya, ta hagu ɗaure da waya. Ba ta ma canja ta ba.

"Mama Francisca," na ce, "ni zan faɗa, ko ke?"

Ta daɗe tana kallon gicciyen. Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa, kuma Hausarta tsaf take, ta yi shekaru tana sayar da doya a kasuwar Lafia.

"Duk bayan ruwan farko nakan je in gyara masa wurin. Na je da fartanyata. Na tarar shanu sun kwana a kansa. Sun yi kashi a kan ɗana." Ta nuna tambarin da haɓa. "Na tsinci abin Baba a cikin laka, na tafi wurin Iortyer in nuna masa abin da aka yi mana. Na ɗauka zai yi kuka tare da ni. Sai ya ce shi ya kira su. Ya ce ya manta kabarin na wajen, ya ce ƙasa na bukatar taki, in yi haƙuri, wanda ya mutu ya mutu. Na jefa masa abin a ƙirji. Ya juya mini baya ya ci gaba da noma. Ya juya mini baya."

Ba ta faɗi sauran ba, ba wanda ya nema.

Aondowase ya zube a ƙasa. Ya yi mata magana da yarensu, sannan ya koma Hausa, ina jin don mu ji ne. "Kina nan muka jawo shi. Ta ƙofarki muka bi da shi. Kina ji."

"Ina ji," ta ce. "Na ji yana kiran uwarsa. Na tashi zan fito, sai na zauna. Na ce a raina, ni ma nawa ya kira ni, ba wanda ya fito."

Wata mata ta fashe da kuka. Ni na sha jin masu laifi suna magana, amma ban taɓa jin magana mai sanyi da muni irin wannan ba.

Insifeto ya sa aka sauko da Safiyullahi. Ankwa ɗaya ce suka zo da ita, dole sai an cire daga hannunsa kafin a sa wa wani. Hannun ya kumbura, ƙarfen ya nutse a nama, sai da aka sha fama. Ɗan sandan ya nufi Francisca da ita, jini a jiki. Ta miƙa hannuwa.

"Kada ka sa mata," in ji Daso daga cikin rana. Wannan ce maganarta ta farko. "Ba inda za ta gudu. Ɗanta na kwance a nan."

Ɗan sandan ya kalli Insifeto, Insifeto ya kawar da kai. Francisca ta hau mota da ƙafarta. Daso ta kama ɗanta ta dama, ta gefen da yake ji, suka bi hanyar rafi. Samarin suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya iya ɗaga ido.

*

Bayan kwana tara Aondowase ya zo Bukan Sidi ya same ni. Ya rame, ya aske kai. Ya durƙusa tun daga ƙofa.

"Baba, na je rugar. Babu kowa, sun tashi, ko turke ba su bari ba. Ka taimake ni ka bi mini sawunsu. So nake in roƙe shi gafara. Ni na fara kai masa sanda."

Na yarda da shi, har ga Allah. Hawayensa na gaske ne. Amma na tuna su goma sha ne suka yi dukan, kuma na ji a kasuwa wasu a cikinsu na cewa ko ma dai wa ya yi saran, shanu ne suka jawo. In na nuna wa mutum ɗaya hanya, na nuna wa ƙauye.

Tun ranar da suka tashi na bi su, ni kaɗai, don hankalina ya kwanta. Shanu arba'in a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko da ido ɗaya zan bi su. Na san mashigin da suka ƙetare, na san itacen da suka huta a gindinsa, na san inda Safiyullahi ya gaji aka ɗora shi a kan jaki.

"Ka makara, ɗana," na ce masa. "An yi ruwa sau biyu. Babu sauran sawu."